Kumburin Gaɓoɓi da Ciwon Dajin da Ke Ɓoye



A wurinmu Hausawa kusan duk ciwon da ya sauka a gaɓa sunansa ɗaya, wato sanyi. Tsohuwa ta kasa miƙewa daga kan tabarma, sanyi ne. Ɗan ƙwallo gwiwarsa ta kumbura, sanyi ya shige shi. Yaro ya kwana yana kukan ƙafa, a ce ai jiya wasa ya yi a ruwan sama. Wanda ya ɗan zurfafa shi ne zai ce amosani. Daga nan kuma hanyar sananniya ce: a aika kemis a haɗo magani, ko a kira wanzami ya yi ƙaho, ko a nemo man zafi a mulke. Sau da yawa ciwon yakan lafa, shi ya sa sunan ya zauna daram.

Darasin da na ɗauko mana a wannan fitowa ya shafi wani ɗan ƙaramin kaso na irin waɗannan ciwuka, inda gaɓa ce ke kumbura amma tushen cutar yana can wani wuri, a huhu ko a ɓargo ko a cikin ciki. Ciwon daji nake nufi, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, a lokacin da bai kai ga bayyana kansa ba. Ni dai ɗalibin sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma abin da zan kawo daga lakcoci ne da littattafai da ɗan abin da idona ya gani lokacin IT. Abin da ya sa nake ganin ya shafe mu duka shi ne, a gida mu ake tambaya. Da zarar ka shigo poli, ko akanta kake karantawa ko zanen gini, ka zama ɗan bokon gidanku. Kai ake miƙa wa takardar asibiti a ce "duba mana me suka rubuta", kai ake ba kuɗi a ce "je ka haɗo wa Baba maganin sanyi". To gara mai riƙe da wannan kuɗin ya san ranar da ya kamata ya ce a'a, asibiti za mu.

Bari in fara da kwantar da hankali, don na san halinmu: wani yana gama karanta wannan zai shafa gwiwarsa ya fara rubuta wasiyya. Mafi yawan ciwon gaɓoɓi ba shi da wata alaƙa da daji. Akwai na tsufa da aikin ƙarfi, inda guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi yake sudewa. Akwai wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓi, wanda ya fi kama mata, yana fara wa daga ƙananan gaɓoɓin yatsu na hannu biyu a tare, mutum ya tashi da safe hannu a sage har tsawon awa guda. Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu shi. Akwai gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga ta yi ruwa, da zazzaɓi da zafi kamar wuta, wadda ita ma maganar gaggawa ce. Tarin fuka yana kama ƙashin baya da ƙugu. Ciwon hanta nau'in B kan zo da ciwon gaɓoɓi. Har nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi da ciwon gaɓa. Duk waɗannan sun fi daji yawa nesa ba kusa ba. Amma kowannensu yana da ɗabi'arsa, yana da shekarun da ya fi kamawa da gaɓoɓin da ya fi so da yadda yake jin magani. Ciwon da ya saɓa wa duk waɗannan ɗabi'u shi ne abin dubawa.

Ta yaya ƙari a huhu zai kumbura idon sawu?

Wannan tambaya ita ta fara jan hankalina, domin a ido abin ba ya kama hankali. Wani lokaci amsar mai sauƙi ce: dajin yana cikin ƙashin da ke maƙwabtaka da gaɓar, ko a can ya tsiro ko kuwa ya yaɗo daga mama ko huhu ko ƙoda ko furosteti, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Amma akwai hanyar da ta fi ban mamaki, inda ko ƙwaya ɗaya ta daji ba ta je gaɓar ba. Ƙarin yana zaune a wurinsa yana zuba wasu sinadarai a jini, su kuma su je su yi aiki a nesa. Ko kuma garkuwar jiki ta hango ƙarin ta yi masa shiri, amma makaman da ta ƙera su riƙa samun lafiyayyun gaɓoɓi da tsoka da fata, saboda wani abu a jikinsu ya yi kama da na ƙarin. Likitoci suna kiran wannan rukuni na alamomi faraniyofilastik, ma'ana abin da ke tafiya a gefen daji. Muhimmancinsa shi ne yakan riga dajin kansa fitowa, wani lokaci da watanni. A lokacin da gwiwa ke kumbura, mai yiwuwa ƙarin bai kai girman da zai sa tari ko ya toshe wani abu ba, wato yana matakin da ake iya cire shi.

Misalin da ya fi kowanne shahara shi ne wanda ke haɗa abu uku: kan yatsu ya yi kumburi kamar kan muciya, dogayen ƙasusuwa su riƙa ciwo, manyan gaɓoɓi kuma su tara ruwa. Maganar yatsun tsohuwa ce ƙwarai, tun likitan Girka Hifokiratis ya bayyana ta fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, a jikin masu ruwa a ƙirji. Cikakken bayanin cutar kuwa ya zo ne daga Bamberger na birnin Biyana a 1889 da Pierre Marie na Faransa a 1890, shi ya sa ake laƙaba mata sunayensu. A wurin manya, in an ga wannan haɗin uku, abin da likita zai fara nema shi ne dajin huhu.

Yadda abin ke faruwa, bisa bayanin da ya fi karɓuwa, yana da daɗin fahimta. A cikin ɓargo akwai wasu manyan ƙwayoyi waɗanda su ne uwayen ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda muke kira falatilet a ɗakin gwaji. Wasu daga cikin waɗannan uwaye kan fito su bi jini, amma idan suka iso huhu sai siraran hanyoyin jininsa su tare su kamar rariya, a can su farfashe su zama ƙananan falatilet. Idan ƙari ya ɓata wannan rariya ya buɗe wa jini ɓarauniyar hanya, sai manyan su wuce ɗungurungum, su je su maƙale a inda hanyoyin jini suka fi ƙanƙanta, wato kan yatsu. A nan suke sakin sinadaran da ke sa sababbin jijiyoyin jini da nama su tsiro, irin su VEGF da PDGF, shi ma ƙarin yana fitar da nasa. Sai naman ƙasan farce ya ƙaru ya yi laushi, farcen ya lanƙwasa, ita ma fatar da ke lulluɓe da ƙashi ta kumbura ta fara ɗora sabon ƙashi a kan tsoho. Wannan ne ke sa mai ciwon ya ce maka ƙwaurinsa na masa zugi can ciki, in ka danna sangalin ya yi tsalle, in ya saki ƙafa ƙasa abin ya ƙaru, in ya ɗaga ta bisa matashi ya ji sauƙi. Hoton ƙashi yakan nuna wani siririn layi a gefen ƙashin ƙwauri ko na hannu. Abin mamaki, idan aka yi aiki aka cire ƙarin, ciwon ƙafar kan ɗauke cikin 'yan kwanaki.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi yanzu haka a inda yake zaune, ba sai da ko sisi ba. Ka haɗa bayan yatsunka manuniya biyu, farce ya fuskanci farce, ka ɗaga su wajen haske. A lafiyayyen hannu za ka ga wata 'yar taga mai siffar lu'ulu'u tsakanin gindin faratan biyu. Idan yatsu sun fara irin wancan kumburi, tagar takan rufe ruf. Wani likitan zuciya ɗan Afirka ta Kudu, Leo Schamroth, shi ya bayyana wannan a 1976, kuma a hannunsa ya lura da abin lokacin da shi kansa ke fama da cutar da ta kama cikin zuciyarsa. Amma a kula fa: rufewar tagar ba ta nufin daji kai tsaye. Tsohon ciwon huhu mai ruwa, ciwon zuciyar da aka haifi mutum da shi, lalacewar hanta, wasu cututtukan hanji, duk suna kawo ta. Akwai ma gidajen da gadonsu ne, tun kaka haka yatsunsu suke kuma lafiyarsu lau. Abin da ke da nauyi shi ne sabon sauyi. Kawu mai shekara 55 da ya kwashe shekaru yana zuƙar taba, yatsunsa suka sauya a bana, idon sawu da gwiwa suka kumbura, yana ɗan tari yana ramewa, wannan hoton ƙirji yake buƙata kafin komai. Kuma tunda maganar taba ta shigo, masu shisha a bayan hostel su ma su ji: hayaƙi dai hayaƙi ne, ratsawa ta cikin ruwa ba ta wanke shi. Dajin huhu shi ne kan gaba wajen kisa a cikin dukkan nau'o'in daji a duniya, ya kashe mutum wajen miliyan 1.8 a 2022.

Akwai wasu nau'o'in da zan ambata a gurguje, don ba a cika ganinsu ba. Wani kan zo wa dattijo kwatsam, cikin kwanaki gaɓoɓi da dama su kama, galibi manyan na ƙafa, ba tare da daidaito tsakanin dama da hagu ba, gwajin amosani ya fito babu komai, magani kuma ya ƙi ci. Wani kan kumbura bayan hannuwa biyu su yi suntum, in ka danna yatsa ya bar rami; wani likita a Amurka, McCarty, ya bayyana shi a 1985, kuma a wani kaso na masu shi akan tarar da daji. Wani kuma tafin hannu ne ke yin tauri kamar itace, yatsu su ƙanƙame su ƙi miƙewa, wanda aka fi dangantawa da dajin ma'ajiyar ƙwan mace. Sai wanda ke raunana tsokar cinya da kafaɗa har mutum ya kasa tashi daga tsugune ko mace ta kasa ɗaga hannu ta taje kai, tare da ƙuraje a bayan gaɓoɓin yatsu da duhu a fatar ido. Duk babban da aka samu da wannan na ƙarshe, ƙa'ida ce a bincike shi don neman daji.

Yaron da ya daina tafiya

Nan ne nake so mu fi daɗewa, don nan ne kuɗin kemis ɗin nan da ake ba mu ke iya yin ɓarna mafi girma.

Dajin da ya fi kama yara a duniya shi ne sankarar jini, kuma nau'inta mafi yawa ya fi zuwa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Masana'antar jini tana cikin ɓargo ne. Idan sankara ta kama, sai wasu ƙwayoyi marasa amfani su riƙa hayayyafa babu ƙaƙƙautawa a cikin ƙashi, wurin da ba shi da hanyar faɗaɗa. Matsin nan shi ke zama ciwo, kuma tunda a jikin yaro ɓargon da ke aiki yana nan har ƙarshen dogayen ƙasusuwa, daf da gwiwa da idon sawu, sai a ɗauka gaɓa ce. Wani lokaci gaɓar kan kumbura da gaske. Yaron da ke guje-guje sai ya fara ɗingishi, ya ce a goya shi, ya farka tsakar dare yana kuka. Yau gwiwa, jibi wuyan hannu. A wasu yaran wannan ne kaɗai alamar farko, kafin sauran su biyo baya: fari fat a tafin hannu da cikin ido, zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya sau biyu sau uku bai tafi ba, haɓo, jini a dasashi, tabon jini a fata ba tare da an buge ba, kaluluwa a wuya ko hamata, ciki ya ɗaga saboda saifa da hanta sun girma.

A ƙasarmu yaro mai ciwon ƙashi da ƙarancin jini, sunan farko da ke zuwa bakin kowa shi ne sikila, kuma hakan ba laifi ba ne, don ita ta fi yawa. Amma sikila ana gane ta da gwaji. Idan an yi gwajin rukunin jini na gado ya fito AA ko AS, to a daina cewa "ai irin ciwon 'yan sikila ne" a zauna, a nemi wani dalilin. Haka kuma ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, wato gaɓa ba wani kumburin kirki amma yaro yana ihu kamar ana yanka shi, musamman da dare, ya kamata ya sa a tsaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A cikin haɗin da ake ƙullowa a leda a wasu shagunan magani da sunan maganin sanyi, ba wuya ka tarar da deksametason ko firednisolon, dangin magungunan da ake kira sitiroyid. Deksa dai mun san ta, ita ce wasu 'yan mata ke sha don ƙiba a cikin abin da ake kira sha-ka-fashe. Waɗannan magunguna suna kashe kumburi kowane iri ne, ba ruwansu da sanadinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, su ɗin nan suna cikin ainihin magungunan da asibiti ke amfani da su wajen yaƙar sankarar jinin yara, amma a haɗe da wasu, bisa tsari da awo, na tsawon shekara biyu ko fiye. Idan aka ba yaro su kaɗai a gida, sai su kashe wani ɓangare na miyagun ƙwayoyin. Ciwo ya ɗauke, zazzaɓi ya sauka, yaro ya tashi ya ci tuwo, gida a yi ta murna ana yaba mai kemis. Bayan 'yan makonni cutar ta dawo. In an je asibiti a tsakanin nan, gwajin jini har ma da na ɓargo yana iya fitowa a rikice, likita ya kasa tabbatar da komai, sai an jira. Ga ɓata lokaci, ga shi kuma a wasu tsare-tsaren magani yaron da ya riga ya sha sitiroyid akan sa shi a rukunin da ke buƙatar magani mai tsanani. Har ila yau mutuwar ƙwayoyi masu yawa a lokaci guda tana iya zubo dattin da zai toshe ƙoda, a gida kuwa ba mai lura.

Lokacin da nake IT a wani asibiti, an kawo jinin wata yarinya 'yar shekara huɗu da ta yi wata biyu tana ɗingishi. Mahaifiyarta na zaune a benci da baƙar leda cike da ragowar magunguna. Ogan da nake ƙarƙashinsa ya shafa jinin a gilashi ya rina ya duba, sai ya kira ni ya ce, "Zo ka gani, ka riƙe wannan a kanka." Manyan ƙwayoyi ne masu ƙaton tsakiya, sun cika fili, falatilet kuwa sai ka yi ta nema. Da likitar yara ta zo, tambayarta ta farko ga uwar ita ce, "Mama, a cikin ledar nan akwai wasu ƙananan farare da aka ce a sha da safe?" Uwar ta zazzage ledar a kan tebur, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu deksa a ciki. Na ga yadda likitar ta sauke ajiyar zuciya, a ranar aka rubuta musu takardar zuwa babban asibitin koyarwa.

Wannan cuta fa ana warkewa daga gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da daji suna warkewa, alhali a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. Tsadar magani da ƙarancin kayan aiki suna cikin dalilai, waɗannan kam sun fi ƙarfin ɗalibi. Amma zuwa a makare da kuskuren gano cuta su ma suna ciki, kuma a nan muna da ta cewa.

Mu ma da ke tsakanin 15 zuwa 25 akwai namu. Dajin ƙashi ya fi son matasa, kuma wurin da ya fi zama shi ne daf da gwiwa, ƙarshen ƙashin cinya ko farkon na ƙwauri. Kusan kullum akwai labarin da za a jingina masa: "ai a fili aka yi min keta." Sai a tafi wurin maɗori. Ba raina maɗora nake ba, amma targaɗe na gaskiya kullum sauƙi yake ƙarawa, cikin mako biyu zuwa uku an ga bambanci. Kumburin da ke ƙara girma da tauri bayan wata guda, yana hana barci ko ba a taka ƙafar ba, ba abin murzawa ba ne balle sakiya. Hoton ƙashi guda ɗaya yakan nuna ko akwai abin tsoro, kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya sun san wannan ciwo sarai.

Me gwaji zai faɗa, me ba zai faɗa ba

Wannan fagena ne, don haka ku yi haƙuri in ɗan baje kolin. Gwaji na farko shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda za ku ga an rubuta FBC. Fararen ƙwayoyi a babba lafiyayye suna tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a kowace mikirolita, falatilet kuma 150,000 zuwa 450,000. Ga wata dabara da likitocin yara ke amfani da ita: kumburin amosani na gaskiya yakan tura falatilet sama. To idan yaro yana da kumburin gaɓa amma falatilet ɗinsa sun yi ƙasa, ko suna can gindin iyaka, ga fararen ƙwayoyi su ma sun ragu, ga ƙarancin jini, wannan ya saɓa, sai a leƙa ɓargo. Kuma lambobin inji kaɗai ba su isa ba, a roƙa a shafa jinin a gilashi mutum ya duba da idonsa. Ko shi ma a farkon cuta yana iya fitowa ba a ga komai ba, don haka idan ciwo ya ci gaba, maimaita gwaji bayan mako ɗaya ko biyu ba asarar kuɗi ba ce.

Sai ESR, gwajin da duk ɗan sashenmu ya yi shi har ya gaji. Ana zuba jini a wani siririn bututu mai awo, a tsayar da shi cak na awa guda, a karanta milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka nutse. In akwai kumburi a jiki, wasu sinadarai kan sa ƙwayoyin su manne su jeru kamar an tara kwabbai, su yi nauyi su nutse da sauri. Matsalarsa ita ce bai san sunan cuta ba: tarin fuka, juna biyu, ƙarancin jini, tsufa, duk suna ɗaga shi. A jinin mai sikila ma yakan zauna ƙasa, don ƙwayoyi masu siffar lauje ba sa jeruwa. Amma idan ya haura 100 a jikin dattijo mai ciwon baya ko haƙarƙari da ƙarancin jini, akwai wani dajin ɓargo mai suna mayeloma da dole a nema. Yana cin ƙashi, yana lalata ƙoda, kuma a Amurka an lura ya fi kama baƙaƙen fata kusan ninki biyu. Tun a shekarun 1840 wani likitan Ingila, Henry Bence Jones, ya bayyana wani sinadari a fitsarin mai wannan cuta, wanda in an ɗumama fitsarin sai ya yi gajimare, in ya kusa tafasa ya narke. Abin da ya sa na kawo shi: dikulofenak da ibufurofen da muke saya wa iyayenmu kati-kati don ciwon baya suna iya ƙarasa ƙodar mai mayeloma.

Gwajin amosani da ake kira RF shi ma a yi hattara da shi. Fitowarsa babu komai ba ta nufin daji, akwai masu amosani na gaskiya da yawa da ba ya nunawa a jininsu. Haka yawan gishirin yurik, mai sa babban yatsan ƙafa ya kumbura cikin dare: galibi daga abinci da gado da ƙoda ne, amma cututtukan ɓargo ma suna ɗaga shi saboda yawan ƙwayoyin da ke mutuwa, shi ya sa ganinsa a yaro ko matashi ke sa a ƙara bincike. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke yanke hukunci. Daji ba a tabbatar da shi sai an ɗebi ɗan nama ko ɓargo an duba a madubin likita.

A nan ne kuma za ka ci karo da maganar da duk muka taso muna ji, wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Na sha tunanin daga ina wannan ta samo asali, kuma ina ganin daga zuwa a makare ne: an kai mutum asibiti bayan cuta ta gama yaɗuwa, aka ɗebi nama, ya rasu bayan wata guda, sai laifi ya hau kan allura. Likitocin da ke ɗibar naman suna da ƙa'idar inda ake sokawa da yadda ake yi, kuma ba tare da shi ba ba za a san wane irin daji ba ne balle maganin da zai ci shi. In an zo wannan gaɓar a gidanku, kai ɗan poli kai za a kalla, kuma ba da faɗa ake shawo kan Inna ko Baffa ba. Ka nemi likitan ya yi musu bayani da Hausa a gabanka, ka bar su su yi tambayoyinsu har su ƙare.

Ranar zuwa asibiti kuwa, akwai abin da za ka iya shiryawa wanda ya fi rakiya amfani, tunda layi yana da tsawo kuma mintunan ganin likita kaɗan ne. Ka rubuta a takarda yaushe ciwon ya fara, kwatsam ne ko a hankali, waɗanne gaɓoɓi, ko yana tashin mutum daga barci. Ka tambayi abubuwan da marar lafiya ba zai kawo da kansa ba don yana ganin ba su shafi gwiwa ba: wando ya yi masa yawa? Yana jiƙa shimfiɗa da gumi da dare ko a lokacin sanyi? Akwai tari, ko jini a kaki ko a bayan gida? Fitsari yana fita daidai? In mace ce, wata 'yar uwa ta keɓe da ita ta tambaye ta ko akwai ƙullutu a mama, ko cikinta na yawan cika, ko jini ya dawo bayan ta daina al'ada, don da wuya ta faɗi wannan a gaban ɗanta. Sannan a tattara duk magungunan da aka sha, na kemis da na gargajiya, har da fankon kwali da ledar haɗin, a tafi da su. In an riga an sha deksa a faɗa, a faɗi ƙwaya nawa da kwana nawa, kuma wanda ya daɗe yana shanta kada ya yanke ta rana ɗaya, likita ne zai tsara yadda za a rage ta a hankali.